Lasin Tuƙi Ko Harajin Sitiyari?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da bai shafi waƙa ko nahawu ba. Na san wasu daga cikin malamaina za su ce me ya haɗa Ƙungiyar Hausa da zancen lasin, ai wannan maganar 'yan tasha ce. To, Allah ya gafarta Malam, 'yan tashar nan su ke ɗauko mu daga garuruwanmu su kawo mu jami'a, su ke kuma mayar da mu in an yi hutu. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a kujerar baya ta bas, jaka bisa cinya, yana kallon direba na ƙoƙarin wuce tirela a kan kwana, ya san cewa ɗan katin nan da ke aljihun direba ya shafe shi. Abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne, lasin tuƙi a Nijeriya ya tashi daga shaidar iya tuƙi ya koma rasiɗin biyan haraji, kuma talaka na biyan wannan haraji sau biyu: sau ɗaya da aljihunsa, sau ɗaya da ransa.

Bari mu ɗan waiwaya baya, don mai karatu ya ga inda aka faro. Ran 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur suka ɓarke, aka yi rabon Udoji a 1974, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sai ga kowane akawu da motarsa. Motoci suka yi yawa, masu iya tuƙa su ba su yi yawa ba, hanyoyi suka zama mahauta. Wannan ne ya sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a ƙarƙashin Doka ta 45 ta wannan shekara, aka ɗora Farfesa Wole Soyinka a kan shugabancinta. Manufar kuwa ba ɓoyayya ba ce, watau a rage zubar da jini a kan titi. Daga cikin hanyoyin da aka zaɓa har da mayar da lasin iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, yadda wanda aka hana a Sakkwato ba zai lallaɓa Enugu ya karɓo ba. A 2011, zamanin Shugaba Jonathan, aka fito da sabon lasin mai ɗauke da hoto da zanen yatsu a kwamfuta. Duk wannan ba ni da ja a kansa. Niyya kyakkyawa ce.

Amma dubi yadda aka tsara aikin. Lasin guda ɗaya, iyayen gida uku. Hukumar Kiyaye Haɗurra ke ɗaukar hoto da yatsu ta buga katin. Jami'an duba motoci na jiha, waɗanda ake kira VIO, su ke da alhakin jarraba mutum su ga ko ya iya. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke kula da kuɗi, ta hannunta kuma katin ke fitowa. Farashi kuwa wata hukumar haɗin gwiwa ta masu haraji, wadda aka sani da JTB, ita ta riƙa yankewa. A lura da wannan da kyau. Waɗanda suka riƙa yanke kuɗin lasin masu tara haraji ne, aikinsu shi ne su ga asusu ya cika. Tun daga nan aka saki hanya. Kuma idan abu ya lalace tsakanin gidaje uku, kowa sai ya nuna maƙwabcinsa: wannan ya ce mun aika, wancan ya ce bai iso ba, na ukun ya ce a dawo mako mai zuwa.

To, nawa ne kuɗin? A 2011 lasin mota na shekara 3 yana kan Naira 6,000. A watan Agusta na 2021 ya koma Naira 10,000 da 'yan kai, na shekara 5 kuma Naira 15,000 da 'yan kai. Zuwa watan Yuni na 2025 an mayar da na shekara 3 Naira 15,000, na shekara 5 Naira 21,000. Na babur da mai ƙafa uku kuwa Naira 7,000 da Naira 11,000.

Na san amsar da masu kare gwamnati ke bayarwa, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Za su ce a 2011 mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, watau lasin ya ci sulusin albashin wata. A 2024 an mayar da albashin Naira 70,000, saboda haka Naira 15,000 ba ta kai rubu'insa ba. Ashe ke nan lasin sauƙi ya yi, in ji su. Lissafin daidai ne a kan allo, ɗan aji ɗaya ma zai ci shi. Sai dai ina tambaya: direban bas na haya albashin gwamnati yake ɗauka? Yaron da ke tuƙa A Daidaita Sahu, wanda sai ya cika balas ɗin mai mashin kafin ya sa ko taro a aljihunsa, wa ya taɓa ƙara masa albashi? Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, abin da yake samu a wuni gidan mai ke lashe rabinsa. Ko cikin farashin nan ma akwai wata 'yar mugunta da ba kowa ya lura da ita ba. Mai halin da zai iya fitar da Naira 21,000 a tashi ɗaya, shekararsa ta kama Naira 4,200. Wanda ƙarfinsa bai wuce Naira 15,000 ba, tasa shekarar ta kama Naira 5,000. Watau an ci shi tarar talauci.

Amma wannan duk targaɗe ne, karayar tana gaba. Farashin da na lissafa na takarda ne. Ka shiga kowace tasha, ka zauna a benci da direbobi, ka tambaye su nawa suka biya. Da wuya ka sami wanda zai ambaci kuɗin da ke rubuce. Abin da za ka ji shi ne ninki biyu, wani ma uku. Ina ragowar ke tafiya?

Bari mu bi sawun mai neman sabon lasin. Doka ta ce sai ya kai shekara 18, sai kuma ya halarci makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ya yi darasi 26, a ba shi takardar shaida. Wannan kuɗi ne, kuma ba hukuma ke yanke shi ba, kowace makaranta da nata. Daga nan sai cike fam ta intanet. Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba dole ya je shago a cike masa, ya biya. Tun ƙarshen 2020 aka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa, idan kuwa aka sami saɓanin harafi ɗaya a suna, Muhammad a can Mohammed a nan, ko ranar haihuwa ta sha bamban, to, wata sabuwar tafiya ta taso, da nata kuɗin. Sai banki, da ladansa. Sai jarrabawa. Sai ɗaukar hoto, inda kalma ɗaya ta fi kowace yawo a bakin ma'aikata, watau babu sabis. Wanda ya taso daga ƙauye mai nisa ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya yi asarar aikin yini, aka ce masa babu sabis, gobe ma haka, jibi ma haka, me kake tsammani zai yi ranar da wani mai fara'a ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, kawo in taimaka maka"?

Wannan mai fara'a shi ne ɗan kayi-nayi, wasu su ce ejan. Mutane suna zaginsa, ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ɗan kayi-nayi ba shi da hatimi, ba shi da kwamfutar hukuma, ba ya sa hannu a komai. Idan har takarda ta fito ta hannunsa cikin kwana biyu alhali mai bin layi ya yi wata yana sintiri, to, akwai wanda ya buɗe masa ƙofa daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wahalar da ake sha a layi ita ce jarin kasuwar, domin ranar da layi ya yi sauƙi, ranar ciniki ya mutu. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce mini jinkirin nan duk sakaci ne. Wani jinkirin noma shi ake yi, ana yi masa ban-ruwa.

Nan ne kuma muka zo inda abin ya daina zama maganar kuɗi kawai. Abin da ɗan kayi-nayi ke sayarwa ba sauri ne kaɗai ba. Yana sayar da takardar makarantar da ba a halarta ba, yana sayar da sakamakon jarrabawar da ba a zauna ba. Kowa a ƙasar nan ya san wani mai lasin wanda ba a taɓa sa shi ya yi ribas a gaban jami'i ba, ba a tambaye shi ma'anar alamar hanya ko ɗaya ba, ba a gwada idonsa ba. Ya biya, an ɗauke shi hoto, shi ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra da kanta ta ƙirga mutum fiye da 5,000 da suka mutu a haɗarin mota a 2023, ta sake ƙirga fiye da 5,000 a 2024, ban da waɗanda aka binne a ƙauye labari bai kai ofis ba. Ban ce duk lasin ne ya kashe su ba. Akwai ramuka, akwai tsofaffin tayoyi, akwai gudun wuce sa'a da lodin wuce ƙima. Amma ƙofa ɗaya tak da ƙasa ta tanada don tace wanda zai hau titi ita ce jarrabawar nan, ita ce kuma aka mayar da ita hajar sayarwa.

Ga wani abin takaici da ya fi damuna. A ƙasar Hausa muna da tamu makarantar tuƙi tun zamanin gingimari, ita ce zaman yaron mota. Yaro zai bi ubangidansa shekara biyar ko bakwai, ya fara da wanki da sa weji, ya koyi cire taya da duba mai da ruwa, ya san kukan inji mai lafiya da marar lafiya, ya san kowace kwana daga Kano zuwa Legas, kafin a damƙa masa sitiyari. Ban ce wannan makaranta ba ta da aibi ba. Ba ta koyar da dokokin hanya yadda ya kamata, tana kuma gadar wa yaro miyagun ɗabi'un maigidansa tare da nagarin. Amma a wurin tsarin da ake bi, wannan yaro daidai yake da wanda bai taɓa ganin mota ba. Dole ya kawo takardar darasi 26. Shi kuwa ba zai bar neman abincinsa ya je ya zauna kusa da wanda bai kai shi sanin mota ba, saboda haka sai ya sayi takardar. Ka ga doka da kanta ta tura mai gaskiya wurin maƙaryata. Abin da yake bukata shi ne a koya masa alamun hanya da dokoki cikin harshen da yake ji, a jarraba shi jarrabawa mai tsanani, in ya ci a ba shi. Abin da ya samu shi ne ƙarin kuɗi, ya kuma fita bai ƙaru da komai ba.

Bayan an biya duk wannan, sai a miƙo maka takardar wucin gadi mai kwana 60, a ce kafin ta ƙare katin zai fito. Na ga irin wannan takarda a hannun wani dattijo maƙwabcinmu, ta sha ninki da zufa har rubutun ya fara gogewa, domin ya fi shekara yana yawo da ita, duk sanda ta ƙare sai ya koma a sabunta masa. Kada a ce ƙazafin ɗalibai ne: a watan Oktoba na 2025 shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra, Shehu Mohammed, ya faɗa a bainar jama'a cewa lasin da suka taru ba a buga ba sun kai 800,000 kafin a rage su zuwa 400,000, ya kuma yi alkawarin sabon tsari da zai kawar da takardar wucin gadi. Madalla da faɗin gaskiya. Amma mutum 800,000 ɗin nan kowannensu ya biya kuɗinsa cif tun ranar farko. Da ɗan kasuwa ne ya karɓi kuɗin mutane haka ya riƙe kayansu, da tuni yana gaban alƙali. Su wa aka mayar wa ko kwabo?

Sai maganar sabuntawa, wadda ita ce ta fi fito da fuskar harajin fili. Kuɗin sabunta lasin daidai yake da na sabo. Me ya sa? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tuƙi ba a sake koya masa komai ba, ba a yi masa wata hidima ba ban da buga ɗan katin roba. Idan an ce don a duba ko idonsa ya raunana ne, ko hawan jini ya kama shi, to, wannan hujja ce mai kyau, sai a duba ɗin da gaske. Idan kuwa don hoto da yatsu ne, sau nawa za a ɗauki yatsun ɗan Nijeriya? An ɗauka wurin katin ɗan ƙasa, an ɗauka a banki, an ɗauka wurin katin zaɓe, an ɗauka wurin rajistar layin waya, mai fasfo an ɗauka a can ma. Yatsun nan dai goma ne, ba sa canzawa. A Ingila, wadda daga wurinta muka gaji tsarin lasin, shekara 10 katin ke yi, sabunta shi ta intanet kuma Fam 14 ne, abin da bai kai ladan aikin awa biyu na ƙaramin lebura a can ba. A Faransa da Jamus katin mai ƙaramar mota shekara 15 yake yi. Mu da muka fi su talauci mu ne ke komawa layi duk shekara 3 ko 5. Ba wani dalili sai don kowace dawowa kuɗi ce.

Ga kuma abin dariya, in da abin dariya ne. A jadawalin tara na Hukumar Kiyaye Haɗurra, tuƙi ba lasin Naira 10,000 ne, watau bai kai kuɗin lasin mafi araha na mota ba. Balle kuma kowa ya san a kan hanya ba kasafai zance ke kaiwa ga rasiɗi ba, na goro ke kashe shi. Direba ba jahili ba ne wurin lissafi. Ya auna wahalar wata guda da kuɗi ninki uku a hannu ɗaya, ya auna ɗan abin da zai riƙa miƙawa ta taga a ɗaya hannun, sai ya zaɓi taga. Da haka aka wayi gari akwai masu lasin da ba su iya tuƙi ba, akwai kuma gwanayen tuƙi da ba su da lasin, duk a kan titi ɗaya, mu kuma muna kujerar baya.

Kada kuma a manta lasin ba shi kaɗai ke kan wuyan direban haya ba. Akwai takardun mota na shekara-shekara, da inshora, da takardar lafiyar mota, da tikitin ƙungiya na kullum, da na ƙaramar hukuma. Mutanen Kano ba su manta da yadda 'yan A Daidaita Sahu suka ajiye aiki a 2021, suka sake ajiyewa a watan Janairu na 2022 saboda kuɗaɗen da aka ɗora musu ba, har gari ya koma tafiyar ƙasa, ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya duk a ƙafa. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta guɗa. Ashe harajin bai mutu ba, riga ya sake. Da dagaci ke bi gida-gida, yanzu an jira talaka a bakin titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu bari in juyo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu daraja, da yawa daga cikin masu ajiye motoci a gindin bishiyoyin tsangayoyin nan, wa ya jarraba su? Direban tasha yana da uzurin rashin karatu da rashin lokaci. Ɗan boko da ya iya cike fam da kansa, ya san farashin gaskiya, amma ya tura yaro da kuɗi a ambulan don yana ganin bin layi ƙasƙanci ne, mene ne uzurinsa? Mu ne muka fi kowa iya rubuta maƙala a kan cin hanci, kuma kuɗin irinmu ne ya tsayar da farashin bayan fage a inda talaka ba zai iya kaiwa ba. Ma'aikatan ofisoshin nan ma ba daga sama suka faɗo ba, ɗaliban jiya ne, wasunsu a azuzuwan nan suka zauna.

Abin da nake nema ba shi da wuya. A tsawaita wa'adin lasin mai ƙaramar mota zuwa shekara 10, a rage kuɗin sabuntawa ya zama kuɗin buga kati da gwajin ido kawai. Duk wanda ya biya bai sami katinsa cikin kwana 60 ba, a fara ƙirga wa'adinsa daga ranar da katin ya shiga hannunsa. A buɗe wa yaran mota hanya su shiga jarrabawa kai tsaye da shaidar iyayen gidansu, bayan ɗan gajeren darasi na dokokin hanya da Hausa. Jarrabawar kuwa a tsananta ta, a riƙa ɗaukar ta a bidiyo, yadda duk lasin da ya fito za a iya nuna ranar da mai shi ya zauna a bayan sitiyari da sunan wanda ya ce ya ci. A kuma rubuta farashi da manyan baƙaƙe a ƙofar kowane ofis, da boko da ajami.

Wannan na ƙarshen ba sai mun jira gwamnati ba. Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su buga farashin hukuma da matakan neman lasin da Hausa a takarda shafi ɗaya, kowane ɗan ƙungiya ya tafi da ita tashar garinsu a hutun nan mai zuwa. In ya je, ya tambayi direba goma nawa suka biya, wata nawa suka jira, an jarraba su ko ba a jarraba su ba, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Mu kawo amsoshin, Malam Edita ya ware mana shafi biyu a fitowa ta gaba, mu buga su gari-gari.